Ranar da Dakta Hargrove Ya Tashi Tsaye

Tun a zaman kwamiti na ce kada a gayyato Rabaran Pettway. Kowace shekara haka taron shugabanci na ɗalibai baƙar fata yake ƙarewa: manya su zo su ce mu ne shugabannin gobe, mu tafa, mu ci soyayyar kaza, mu watse. Goben kuwa ta ƙi zuwa. Aka rinjaye ni, wai shi ya yi wa rabin garin nan baftisma.

Ni kuwa bana ba tafi ya kawo ni ba. Jami'a za ta rushe gidan ƙungiyarmu ta yi wurin ajiye motoci. Dakta Hargrove, mataimakin shugaban jami'a, wanda yake ta guje mini tun farkon zango, ga shi zaune a layin gaba. A jerin masu jawabi daga Rabaran sai ni, kuma a gaban jama'a zan tambayi Dakta Hargrove. Matsalar ita ce ya ce kafin abincin rana zai tafi.

Sai na shirya da Lavell, mai kaɗa mana fiyano, cewa idan Rabaran ya zarce, ya soma kiɗa a hankali, yadda ake sallamar masu doguwar godiya a bikin ba da kyaututtuka a talabijin.

Ya dube ni ya ce, "Keondra, yaushe rabonki da coci?"

Na ce ya yi abin da aka sa shi.

Rabaran ya iso da mota cike da iyaye mata na cocinsa, da manyan huluna da farar safar hannu. Da ya hau mumbari, ya gai da shugabanni, ya gai da matarsa, ya gai da marigayiya malamarsa ta firamare. Duk sanda ya yi kamar zai sauka, sai wata tsohuwa ta ce masa kada ya yi gaggawa. Shi kuwa mutum ne mai jin maganar manya.

Na yi wa Lavell alama. Ya taɓa fiyano.

A cocin da Lavell ya tashi, ba a yi wa mai wa'azi kiɗa don ya sauka. Ashe fetur na zuba wa wuta. Rabaran ya tuɓe kwat, ya zaro hankici, ya koma rera magana. Ya jefa, fiyano ya cafe, iyaye mata suka miƙe suna rangaji. Dakta Hargrove ya soma laluben jakarsa.

Takaici ya sa na ɗaga murya na ce za a rushe mana gida muna nan muna rawa. Tsohuwar da ke kusa da ni ta ɗauka amshi ne, ta maimaita, layinsu duka ya karɓa. Rabaran ya tambayi wane gida, aka gaya masa. Bai taɓa ganin gidan ba, amma nan take ya jawo tarihinsa tun daga jirgin Nuhu. Sannan ya sa kowa ya zauna, kiɗa ya yi ƙasa.

"Mutum ɗaya nake nema. Wa zai tashi ya tsaya wa gidan yaran nan?"

Daidai nan Dakta Hargrove ya miƙe a sunkuye, jaka a hannu, zai sulale.

Ɗaki ya kaure da tafi. Iyaye mata biyu suka riƙe shi hagu da dama, suka juyo da shi daga hanyar ƙofa. Ɗaya tana shafa bayansa tana cewa, "Taho, ɗana, Ubangiji ya riga ya gan ka."

Wayoyi suka yi sama ana ɗaukar bidiyo. Rabaran ya kanga masa makirufo ya tambaye shi ko gidan zai tsaya. Dakta Hargrove ma a irin wannan coci ya girma a Alabama, ya san "za mu duba" ba ta fid da mutum daga hannun nan. Ya ce zai tsaya. Aka ce na baya ba su ji ba. Ya sake faɗa.

Gidan yana nan. Jawabin da na yi makonni ina haɗa hujjojinsa kuwa, ko Lavell bai nemi ji ba. A layin abinci Rabaran ya dafa kafaɗata ya ce daga gani ni shugabar gobe ce.

Kwamiti ya sake gayyatarsa baɗi. Na ce a rubuta ban yarda ba.