Wa Kika Roƙa?

Magajin gari Teófilo ya riƙe hannun goggonsa Eulogia a ƙofar coci, yana ƙara yi mata bitar karatu.

"Goggo, in baƙon nan da aka aiko daga Roma binciken warakarki ya ce wa kika roƙa, Fada Anselmo za ki ce. Shi kaɗai. In an haɗa shi da wani, ba za a ce shi ya warkar da ke ba."

Mu'ujiza ɗaya ta rage marigayi Fada Anselmo, limamin cocinsu, ya zama waliyyi, garinsu ya fita kunyar garin ƙetaren kogi da ya riga su samun waliyyi. Bara likitocin birnin Kusko suka sallamo Eulogia ta zo ta mutu a gida, sai ga ta da safe tana soya masara tana zagin jikoki.

"To sauran waliyyan fa?" in ji ta. "Su ji na yi musu butulci, su dawo min da ciwona?"

"Su ai sun riga sun samu, Goggo. Ba za su yi ƙyashi ba."

"Ka san su ne?"

A ciki, baƙon ya sa ta ɗora hannu kan Littafi Mai Tsarki, ya yi tambayar a hankali. Ta dubi ɗan ɗan'uwanta, ta dubi gumakan waliyyan da ke jere a bango suna kallonta.

"Ranka ya daɗe, mai mutuwa ba ya zaɓe. Na roƙi Santa Rosa, na roƙi San Martin, har uwata da ke kabari na kira."

"Fada Anselmo fa?"

"Shi ma, daga ƙarshe. Da ransa ma ba ya saurin amsa sallama."

Baƙon ya yi godiya, ya ce sai a jira wata mu'ujizar.

Ba wanda ya kula ta a waje. Masu gangar da suka zo biki suka naɗe kayansu, mata suka juya mata baya. Ta sauka matakala ita kaɗai, ƙura ta shaƙe ta, ta yi tari mai tsawo har ta dafa bango.

Duk aka juyo, fuskoki suka washe da fatan ciwon ne ya dawo.

Teófilo ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Goggo, a ƙirji kike jin sa?"