Kejin da Ke Ƙarƙashin Bishiya

Wanda Pruitt ta kai shekara hamsin da biyu ba ta taɓa cin gasar kamun kifi ba, kuma abin bai dame ta ba, domin yayanta Orval ya cinye musu. Sau huɗu a jere yana ɗaukar kofin ƙungiyarsu ta masu fatsa a ƙananan kwale-kwalen roba, a wani rafi na kudancin jihar Missouri ta Amurka. Shi ya koya mata riƙon filafilin tuƙa kwale-kwale tun tana 'yar shekara tara. Duk wanda ya yi gunagunin cewa sa'ar Orval ta yi yawa, da ita zai yi. Har ƙawarta Darlene sun fi wata shida ba sa magana a kan haka.

Ranar gasar, wata Asabar ta watan Yuni, mutum ashirin da uku suka tura kwale-kwalensu ruwa da sassafe. Dokar mai sauƙi ce: ka kama irin kifin da ake kira bas, ka kwantar da shi a allon awo, ka ɗauki hotonsa da waya, ka mayar da shi ruwa. Duk wanda kifayensa uku suka fi tsawo shi ya ci. Orval ya tsokane ta cewa kada ta manta ta ɗauki hoton gansakukar da za ta kamo, ita ma ta ce ya kula da ƙugunsa na tsufa. Ya yi saman rafin, ta yi ƙasa.

Har hantsi ba ta samu abin kirki ba, sai wani ɗan kifi da bai kai tafin hannu ba. Ta juyo ta bi wani reshen rafin da mutane ba su cika shiga ba saboda sai an sauka an ja kwale-kwale a kan tsakuwa. A can wata ƙatuwar bishiya ta faɗa ruwa, ƙarƙashinta da zurfi. Ta jefa fatsarta mai tsutsar roba, ƙugiyar ta maƙale. Ta matsa kusa ta sa hannu don ta ciro, sai ta ji igiya ɗaure a reshe, a ƙasan ruwa. Ta ja. Abin da nauyi, kuma yana motsi.

Kejin waya ne ya taso, da manyan kifayen bas uku a ciki, da ransu, kowanne ya kusa kai tsawon damtsenta. Ta daɗe tana kallonsu kafin idonta ya kai kan ƙofar kejin. Kejin zomayen marigayi babansu ne. Ita da hannunta ta ɗaure ƙofar nan da jar waya shekarun baya, kuma ta san a garejin wa yake ajiye.

Ta yi ta nema wa abin wata fassara, ko sace shi aka yi, ko aro Orval ya bayar. Tana cikin haka ta ji ƙarar ana jan kwale-kwale a kan tsakuwa. Orval ne. Da ya gan ta sai ya tsaya cik, ruwa iya gwiwarsa.

"Yaya, na waye wannan?" ta ce.

Ya cire hularsa, ya mayar, sannan ya fara bayani a hankali. Wai a shekarar farko da guminsa ya ci. A ta biyu kafaɗarsa ta soma ciwo, ga mutane suna ta kiransa gwani a shago da coci, sai ya ce sau ɗaya kawai zai yi, amma bai daina ba. Yakan kamo kifayen a tafkin gonar wani abokinsa kwana biyu kafin gasa, ya ɓoye su a kejin, ranar gasar ya zo ya ɗauki hotonsu.

"Ka san da mutum nawa na ɓata saboda kai?"

"Na sani, Wanda."

Wannan amsar ta fi komai yi mata zafi. Ta kwance jar wayar, ta karkata kejin. Kifayen suka fice ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen sai da ta tura shi. Orval ya tambaye ta ko za ta faɗa. Ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiyarta ke nan.

Ƙarfe uku aka taru a wurin ajiye motoci, ana gasa nama ana duba hotuna. Da shugaban ƙungiyar ya kira sunan Orval, Orval ya ce yau bai kama komai ba. Aka yi ta dariya ana cewa ashe shi ma mutum ne. Wanda tana tsaye jikin mota, ba ta shiga dariyar ba. Wata malamar makaranta ce ta ci gasar.

A hanyar gida ta ce masa ta ba shi mako guda, in bai je wurin shugaban ƙungiyar da kansa ba ita za ta je. Ranar Alhamis ya zuba kofunan huɗu a kwali, har da na farkon, ya kai gidan shugaban. Aka kore shi daga ƙungiyar, labarin ya zaga gari kafin Lahadi.

Ita ta ci gaba da zuwa rafin, amma ta daina shiga gasa. Sai a watan Oktoba ta iya ɗaga wayarsa.