Gado da Katifa a Talla Ɗaya

Tun da safe Kafinta ya kasa zama. Ya ɗauki zarto ya ajiye, ya leƙa titi ya dawo, ya shafa gadajen yara da ya jingine a bango wata da watanni ba wanda ya taya. Ƙanwarsa Auta na kan benci da wayarsa a hannu, tana yi masa rajista da wani kamfanin saka talla a intanet.

"Yaya, sun ƙi karɓa," in ji ta. "Wai ko gwaji ne, akwai mafi ƙarancin kuɗin da za a zuba. Naka da kyar ya kai rabi."

"Gwajin ma? Ni ɗanɗanawa zan yi, ba tukunyar zan saya ba!"

"Sun ce in kuɗin ya yi kaɗan, mutane ƙalilan za su gani, ba za a gane ko tallar ta karɓu ba."

Ya ja tsaki. Abin da ya rage masa na sayen katako ne, ba ya taɓuwa. Ya zaga shagon, ya sake zagawa, sai ya faɗa shagon maƙwabcinsa Mai Katifa, garin katako har a gira.

"Maƙwabci, wa ke kwana kan gado ba katifa? Kawo rabi in kawo rabi, mu yi talla ɗaya."

"In kuɗin ya nutse fa?"

"Mu nutse tare."

Mai Katifa ya yi ta ƙunƙuni, amma ya bayar. Suka ɗora katifa kan gado, Auta ta ɗauki hoto ta tura.

Daga ranar aiki ya gagari Kafinta. Yana awo yana kallon waya, har ya datse katako ba daidai ba. Mai Katifa kuwa bini-bini ya leƙo: "An kira?"

Kuɗin na dab da ƙarewa wata mata ta kira, mai gidan renon yara. Gadajen take so gaba ɗaya, amma ta ce tana da katifu. Kafinta ya dubi maƙwabcinsa da ya yi tsaye a bakin ƙofa.

"Hajiya, ki dai zo ki ga katifun maƙwabcina. In ba su fi naki ba, ni zan kai miki gadajen kyauta ba kuɗin mota."

Ta yi dariya, ta ce tana nan tafe da yamma. Mai Katifa ya ruga kakkaɓe kayansa, Kafinta ya ƙwala wa Auta kira ta miƙo tsintsiya.