Namadi Cikin Burtu

Namadi ya yi shekara da shekaru yana aikin kamasho a tashar Gummi, muryarsa kuwa duk garin an san ta. In ya kira fasinjan Anka, har masu kifi a bakin gulbi sai sun ɗaga kai. 'Yan shekaru bayan an ba Zamfara jiha ya gaji da hayaƙin motoci, ya kwashi matarsa Barakatu suka koma ƙauyensu kusa da Nasarawa Burkullu, ya rungumi noma.

A ƙauyen akwai kawunsa Ɗantani, tsohon maharbi wanda yanar ido ta rufe masa gani. Ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa. Wata rana bayan an gama yankan dawa, Namadi ya same shi zaune a ƙofar gida yana shafa wa bakansa na harbi man shanu.

"Kawu, mi za a harba?"

"Ba komi. Kewar daji ta dame ni."

"In don wanga ne, ai sai in kai ka bisa mashin."

Tsoho ya miƙa masa bakan. "Mashin na korar nama. Da ƙafa za mu. Kai ka gani, ni in gaya maka abin da ka gani."

Namadi ya so ya ce wasa yake yi, amma ya ga yadda fuskar tsohon ta washe, sai ya karɓa.

Aka fara koyo a bayan gida. Barakatu ta ba da wata kabewa da ta fara lalacewa, aka ɗora ta kan turmi. Kwana da kwanaki kabewar nan ta fi kowa zaman lafiya a gidan. Kibiya ta shiga danga, ta shiga rumbu, ta huda wani tsohon kwando. Kajin Barakatu da sun ga ya ɗauko kwari sai su tsallaka gidan maƙwabta. Tsirkiya ta yi ta marin hannunsa har ya kumbura. Ɗantani yana zaune yana saurare, daga ƙarar sakin kawai yake cewa, "Ka ɗaga gwiwar hannu," ko "Ka saki kamar ba ka so." Ranar da kibiya ta tsaya a cikin kabewa, Barakatu ta rangaɗa guɗa, ta ce to yanzu saura a samo barewar da za ta yarda ta hau turmi.

Wata rana da safe bayan sun yi salla suka nufi daji, tsoho riƙe da kafaɗar Namadi. A cikin jaka akwai burtu, wato busasshen kan wannan babban baƙin tsuntsu da maharba ke ɗaurawa a goshi, su rufa da baƙin zane, su yi rarrafe, nama ya ɗauka tsuntsu ne ke kiwo.

Namadi bai taɓa sanin yana da nauyin ƙafa ba sai ranar. Duk busasshen ganyen da ke dajin sai da ya nemi ƙafarsa.

"Tako da gefen ƙafa," in ji Ɗantani cikin raɗa. "Mi ka gani ƙasa?"

"Sawu, Kawu. Kamar na akuya."

"Ƙasa-ƙasa da murya. Bakinsa a tsuke yake ko a buɗe?"

"A tsuke."

Tsoho ya durƙusa ya lalubi sawun da yatsa, ya tsinci kashin da ke gefe ya murje. "Barewa ce, ba ta daɗe da wucewa ba." Ya ɗebo toka a wani ƙullin tsumma ya sake ta. "Ina ta yi?"

"Bayanmu."

"Madalla. Iska na tare da mu."

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da Namadi ya hango ta a wani fili tsakanin sabara, ita kaɗai, ja-ja da ita, tana tsinkar ganye. Ya raɗa wa kawunsa. Ɗantani ya zauna gindin wata kirya, ya ɗaura masa burtu, ya lulluɓe shi.

"In ta sunkuya, ka matsa. In ta ɗaga kai, ka yi ta caccakar ƙasa. Tsuntsu ba shi sauri. Kuma kada ka manta bisimilla kafin ka saki."

Namadi ya kama rarrafe. Mutum ne mai tumbi, zanen bai gama rufe shi ba. Ƙarangiya ta manne masa a gwiwa, gumi ya shiga ido, cinnaku suka samu hanya ta ƙafar wando. Barewa ta ɗaga kai ta dube shi. Ya shiga caccakar ƙasa da gaske, har wuyansa ya yi ƙara. Ta daɗe tana kallo, kunnuwanta a miƙe, ta buga ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya tabbata tafiya za ta yi.

Sai ga wasu burtu biyu na gaske sun fito daga cikin ciyawa, suna takawa a hankali kamar masu zuwa gaisuwa. Namijin ya tsaya ya karkata kai ya dubi wannan baƙon ɗan'uwa mai faɗin baya. Ya matso har Namadi ya ga gashin idonsa. Dariya ta taso masa daga ciki, ya cije leɓe ya danne ta, ya ci gaba da caccaka. Tsuntsun ya yi wani gurnani, kamar ya ce kowa da halittarsa, ya wuce. Namadi ya bi su a baya. Barewa da ta ga uku ne, ta mayar da kai ga ganyenta.

Haka ya yi ta matsawa a bayan tsuntsayen har ya ji ƙarar taunarta. Bai taɓa jin duniya ta yi tsit haka ba. Ya ɗaga baka a hankali, ya ja tsirkiya har kunne, ya daidaita kan kafaɗarta. Sai ya tuna maganar kawunsa.

"BISIMILLAHI!"

Da muryar tasha ta fito. Barewa ta yi sama kamar an cilla ta, burtu suka tashi suna fuffuka, kibiya ta je ta cake a jikin wani suri. Kafin ƙura ta lafa, filin ba kowa sai shi.

Ya dawo ya tarar da Ɗantani kwance a gefe ɗaya, yana dariya har da hawaye.

"Na ce ka yi bisimilla, ban ce ka kira salla ba!"

Namadi ma ya zube ƙasa yana dariya, yana cire ƙarangiya. Da suka nutsu tsoho ya tambaye shi, "Kusa nawa ka kai?"

"Kawu, na ga ƙuda a gefen idonta. Na ga yadda fatar kafaɗarta ke rawa in ya sauka."

Ɗantani ya gyara zama. "Faɗa mini daga farko. Kada ka tsallake komi."

Suka zauna a inuwar, suka dama furar da Barakatu ta ƙulla musu, Namadi ya ba da labari tun daga bugun ƙafa har suri. Tsoho yana ta gyaɗa kai, idonsa a lumshe.

Sun ci gaba da fita har rani ya tsaya. Barewa dai ba su sake samun kusa da ita haka ba, amma gab da saukar damina Namadi ya harbi wata 'yar gada a bakin rafi, ya ruga ya yanka ta. Naman bai taka kara ya karya ba, duk da haka Barakatu ta yi farfesu ta aika wa maƙwabta ɗan romo. Fatar kuwa, Namadi ya kai ta wurin majemi, ya ce a yi wa kawunsa buzu. Da aka kawo, Ɗantani ya shimfiɗa ya gwada zama, rabin jikinsa na kan ƙasa.

"Ba laifi," ya ce. "Baɗi sai ka samo wa ɗaya gefen."