Jirgin da Tela Tukur Ya Yanka

Tela Tukur na Ƙofar Dundaye ya shekara talatin da ɗoriya yana yanka shadda da yadi, ba wanda ya taɓa leƙo shi don mamaki. Amma ranar da ya shigo shago rungume da fararen allunan fom guda shida, sai da maƙwabta suka bar abin da suke yi. Irin allon nan ne mara nauyi, kumfa a tsakiya, takarda ciki da waje, wanda masu hoto ke liƙa hotunan biki a kai. Mai shayin da ke gefensa ya tambaye shi ko ya bar ɗinki ne ya koma hoto. Tukur ya ce a'a, jirgin yaƙi zai yi. Aka yi dariya har da masu tafa hannu, shi kuwa ko a jikinsa, ya share teburin yanka ya jera kayansa.

Abin da ba su sani ba, maganar ba ta wasa ba ce. Yayansa Badaru ya yi shekara ashirin da biyu yana bakaniken jiragen yaƙi a aikin soja, ya yi ritaya ya dawo gidansa a Unguwar Rogo, sai hawan jinin ido ya kama shi. Likita bai ɓoye wa 'yarsa Khaula komai ba. Ganin yana cinyewa ne daga gefe-gefe, abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure ne, kuma ita ma kafar ba mai alkawarin za ta kai baɗi.

Wata Juma'a da Tukur ya je gaishe shi, ya iske shi a zaure da wani tsohon hoto a hannu. Hoton jirgin da ya fi daɗewa yana gyarawa ne. Ba ya iya ganinsa gaba ɗaya, sai dai ya riƙa jan hoton a gaban fuskarsa, ya ga hanci, ya ga fiffike, ya ga wutsiya. Can ya ajiye ya ce, ba ma da Tukur yake ba, "Da ma in ƙara ganin shi bisa, ko sau guda na."

Maganar nan ta tsaya wa Tukur a rai, ta hana shi sakat. Shi fa wannan yayan ne ya saya masa keken ɗinkinsa na farko. Kuma Tukur mutum ne mai ji da hannunsa, irin telan da in ka wuce shi a kan babur da sabuwar riga, kafin ka dawo ya yanka irinta. Ya taɓa ganin masu haɗa ƙananan jirage a waya, suna tuƙa su da rimot daga ƙasa. Ya ce a ransa, to mene ne a ciki? Awo ne da yanka da haɗi, kuma duk sana'arsa ce.

Awon bai ba su wahala ba, don Badaru ya haddace jirginsa tsaf. Tsawonsa ƙafa arba'in da uku, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa talatin. Suka yanke shawara kowace ƙafa guda ta koma inci guda, shi ke nan tef ɗin tela ya wadatar. Khaula ce ta yi odar ƙaramin inji da farfela da batir da rimot daga Legas, da wasu 'yan injina kamar kwalin ashana masu motsa gefen fiffike da wutsiya. Da Badaru ya ji za a sa farfela a bayan jirgin ya ɓata rai, ya ce nasu ba shi da fanka. Aka lallashe shi da cewa in ya tashi ba a ganinta.

Tukur bai yi garajen farawa da na gasken ba. Ya fara haɗa wani mummuna, fiffike miƙe kamar faranti, don koyon tuƙi. Ya riƙa ɗaukarsa da hantsi zuwa gonakin Dundaye, bayan ya je ya gaida mai unguwa ya yi masa bayani, don zamanin nan in mutane suka ga abu na yawo bisa kansu ba su tsayawa tambaya. Mummunan nan ya sha ƙasa! Sau ɗaya ma a kan bishiyar dogon yaro ya kwana. Amma kafin gero ya nuna, yatsun Tukur sun saba, yana iya tashinsa ya kewaya ya sauke shi lafiya.

Sannan ya zauna wa na gasken. Ya zana kowane ɓangare a takardar buhun siminti yadda yake fitar da fasalin riga, ya ɗora a kan fom ya bi da alli, ya yanka da sabuwar reza. Inda ake son lanƙwasa sai ya ɓare takardar ciki, ya murza allon a bakin tebur a hankali har ya yi laushi. Gam mai zafi ya ƙona masa yatsu ba adadi, yana yi yana tsaki. Mako uku cif, ga jirgi ya fito da dogon hanci da kujeru biyu, fari tas. Mai shayi da ya yi dariya a farko, yanzu shi ke kiran mutane su zo kallo.

Ya naɗe shi a zane ya kai Unguwar Rogo, yana tafe yana jin kansa. Badaru ya karɓa ya ɗora a cinya. Bai ma wahalar da idonsa ba, hannu ya sa, ya shafa daga hanci zuwa baya, ya dawo, ya sake komawa. A wutsiya ya tsaya.

"Tukur, miƙo man tef ɗinka."

"Mi kag gani, Yaya?"

"Ban ga komi ba. Hannuna dai bai yarda ba. Khaula, zo ki karanta man."

Khaula ta ja tef daga bakin fiffike zuwa ɗayan, ta ce talatin da ɗaya. Aka auna wutsiya, ita ma ta zarce ta kowane gefe.

Badaru ya ce, "Talatin munka ce. Ina incin ga yah hito?"

Tukur ya tsura wa jirgin ido. Ya gane. Shekara talatin hannunsa bai taɓa yanka a kan layin alli ba, kullum sai ya bar rabin inci a waje saboda ɗinki. Haka ya yi wa kowane yanki na fom bai ma sani ba. A wutsiya kuwa, inda 'yan ƙananan yankuna suka fi yawa, sai ya riƙa ɗora rarar a kan juna yana danna gam. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Rarar ɗinki ta, Yaya."

"Rarar ɗinki!" Badaru ya kwashe da dariya har yana tari. "Halan ƙiba za shi yi bayan Salla a buɗe mai? Kai, tela dai tela na!"

Da dariyar ta lafa ya sa aka ɗaura batir a mazauninsa, ya tallabi jirgin da yatsu biyu ta ƙarƙashin fukafukai. Wutsiya ta yi ƙasa, hanci ya kalli rufi. Ya ce in aka sake shi haka, yana tashi zai ɗaga kai ya kife. Tukur ya ce to a cusa ƙarfe a hanci mana ya daidaita. Badaru ya ce incin fiffike ya yafe, amma ƙarin nauyi a'a, don jirgi mai nauyi dole ya yi gudu, shi kuwa idonsa ba ya bin abu mai gudu. Wutsiya dai a sake ta.

Khaula ta rako Tukur zuwa ƙofar gida, ta riƙe masa gefen zanen. Ta ce, "Baba Tukur, don Allah ka hanzarta. Shekaranjiya kohin shayi na gabanai, sai da yal laluba." Tsoro ya kama Tukur sosai, ga haushin kansa. Mako uku na aiki, kuma ba shi da tabbacin akwai wasu ukun.

Washegari ya ba masu ɗinki haƙuri, ya tura ƙyauren shago ya bar ɗan haske. Ya sa reza ya datse bayan jirgin nan da ya sha wahala a kai. Ya sake zane, ya ɗora reza a kan layin, sai ga hannun yana zamewa waje da kansa. Wallahi sai da ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu. Yana yanka yana faɗa wa kansa a fili, "Bisa layi, Tukur, bisa layi." Kwana huɗu ya gama, ya ɗora a yatsu biyu, jirgi ya zauna daram, hancin ya ɗan sunkuya yadda Badaru ya ce ana so. Ya yi masa fenti na ruwa yadda yake a hoto, bayansa kore da ruwan ƙasa, cikinsa toka-toka mai haske.

Ranar Asabar da hantsi suka ɗauki keke mai ƙafa uku zuwa Dundaye. An gama girbi, gonaki sun buɗe, iska kwance. Khaula ta zaunar da mahaifinta a kujerar roba, rana a bayansa, ta saita agogon wayarta, don batir ɗin minti shida yake yi. Tukur ya yi bisimilla, ya ba inji wuta, Khaula ta cilla jirgin gaba yadda ya koya mata. Ya ɗan nutsa kamar zai taɓa kututturen gero, sai ya miƙe ya hau, sumul, ba ko tangaɗi.

"Ya tashi, Baba! Ya tashi!" in ji Khaula tana tsalle.

"Ina shike?" Badaru ya ɗaga kai yana juya fuska dama da hagu.

"Ga shi nan dama gare ka. A'a, ya wuce. Bisa kaɗan."

Ina! Kafin ya kai idonsa inda aka ce, jirgin ya bar wurin. Ƙarar injin ma ba ta taimaka ba, fili ya yi faɗi, tana zuwa masa ta ko'ina. Sai a lokacin Tukur ya lura da wani abu: daga ƙasa cikin jirgin kawai ake gani, kuma tokar nan ta saje da sararin sama, shi mai lafiyar ido ma sai ya ƙura. Minti biyu suka tafi a haka.

Can Badaru ya miƙe zumbur, ya nuna sama da yatsa. "Ga shi can! Na gan shi! Kai, dubi yadda shika kwana!"

Tukur ya saci kallon inda yatsan ya nufa. Shirwa ce, baƙa, ta baza fukafukai tana kewaya can wajen arewa. Jirgin kuwa yana kudu. Khaula ta buɗe baki za ta yi magana, Tukur ya girgiza mata kai.

Tausayi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ga yayansa yana murna, fuskar nan ta washe yadda ya daɗe bai gani ba. Da zai bar shi haka, ba wanda zai taɓa faɗa masa. Amma ba don Yaya Badaru ya kalli shirwa ya ƙona yatsunsa wata da watanni ba. Ya juyo da jirgin ya nufi arewa, ya ƙara wuta ya hau, ya rage gudu da ya matso. Shirwar ba ta ko damu ba. Ya shigo ta ƙarƙashinta, daidai inda yatsan yake, ya kwantar da fiffike ɗaya ya shiga kewaya, koren bayan ya juyo ya fuskanci ƙasa.

Badaru ya ƙura ido inda yatsansa yake.

"Tukur. Biyu nika gani."

"Biyu na, Yaya."

"Wane na namu?"

"Na ƙasa. Mai kore."

Yatsan ya sauko kaɗan ya tsaya. Badaru ya bi jirgin da kallo. Sannan ya ce, "Shi na. Wallahi shi na, har wutsiyar. To na bisan hwa?"

"Shirwa ta."

Dariya ta kuɓuce wa Badaru, hawaye na bin kumatunsa, amma bai yarda ya ɗaga hannu ya share ba, kada jirgin ya ɓace masa. Khaula ta duba waya ta ce saura rabin minti, Baba Tukur ya fara saukowa.

Badaru ya ce, "Kak ka sauke shi. Riƙe man shi nan."

Tukur ya san in batir ya ƙare a sama ba shi ke zaɓar wurin sauka ba, wataƙila ma aikin ya tashi a banza. Bai sauke ba. Ya ci gaba da kewaya shi a ɗan gurbin nan, zagaye bayan zagaye, har ƙarar injin ta yi rauni ta ɗauke. Jirgin ya sunkuyar da hanci ya taho a hankali, shiru, ya nufi tsakiyar gona. Badaru na tsaye, yatsansa na biye da shi, bai rabu da shi ba har sai da ya taɓa ƙasa.