Ummi ta Bayan Bango

Fadl ya ɗauki waƙar da ba tasa ba, ya kai ta otal, aka yi mata tafi. Abin da ya faru ke nan. Ba da mugunta ya yi ba, amma ya yi.

Shi Fadl makaɗin fiyano ne, irin kiɗan nan da ake ce wa jaz. Bahaushen Sudan ne, haihuwar Omdurman. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa za shi Makka, ya yada zango a hanya bai ƙara gaba ba. Hausar Fadl ta gaisuwa ce da cin abinci, sauran duk Larabci. A 2013 shekararsa arba'in da shida, ba mata ba ɗa, yana zaune a Masar, unguwar Hadayek el-Maadi, a wani bene hawa na huɗu.

Farkon shekarar yana kiɗa sau biyar a mako a wani otal bakin kogin Nilu. Baƙi na cin kifi, ba mai ɗaga kai. Shi kansa ba ya sauraron abin da hannunsa ke yi. A Fabrairu aka bugo masa waya, mahaifiyarsa ta rasu. Ya yi salati, ya ajiye wayar, ya goge rigarsa ya tafi aiki. Bai yi kuka ba. Bai je Sudan ba ma, don in ya fita Masar takardunsa ba za su dawo da shi ba.

A Agusta gari ya rikice, aka sa dokar hana fita tun magariba. Otal ya ce a dakata. Fadl ya koma ɗaki da ƙaramin fiyanonsa na lantarki, yana kaɗawa da abin sauraro a kunne don kada ya dami maƙwabcinsa.

Maƙwabcin nan Ɗanmalam ne, mutumin Zariya, ɗalibin fiƙihu. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya ƙwanƙwasa masa.

"Sarkin makaɗan Fir'auna, fito tuwo zai huce. Bayin Allah nawa ka halaka wannan makon?"

"Ya Shehu, ko mutum ɗaya bai saurare ni ba, balle ya halaka."

Murja, matar Ɗanmalam, ita ke tuƙa tuwon. Fadl bai san fuskarta ba. Hannu kawai yake gani yana turo kwano ta ƙasan labule.

Amma ya san muryarta, don bangon ba kauri. Kullum da hantsi, in mijin ya tafi karatu, tana daka yaji a ɗan turminta tana waƙa ƙasa-ƙasa. Kalmomin ba sa ratsowa, sai guda ɗaya: Ummi, Ummi. A Larabcin da ya tashi da shi, ummi na nufin uwata. Ya ce a ransa, ashe ita ma kewar uwarta take yi.

Ya lalubo waƙar a fiyano. Hannun hagu ya ɗauki bugun taɓarya, na dama ya ɗauki muryar. Wata uku yana kanta, ba wani aikin yi. Ya ƙara mata sauri, ya karya ta nan, ya ɗora ta can, har ta zama abin da ƙafa ke bi. Ya sa mata suna Ummi.

A Nuwamba aka ɗage dokar, otal ya neme shi. Ya kaɗa ta tare da mai ganga. Ranar ne ya fara ganin mutane sun ajiye cokali. Aka yi tafi, aka yi fito. Wani ya ɗauka a waya ya tura masa.

Juma'ar da ta biyo baya, kwano na gabansu, ya ciro wayar.

"Ya Shehu, na kawo wa uwargida tukuicin tuwo."

"In kiɗa ne riƙe abinka, mun yafe."

"Minti ɗaya bas, ɗaya kawai. Nata ne."

Ya kunna. Fiyano, ganga, dariyar maza da mata, ƙarar kofuna, sai waƙar tana tsalle a tsakiya. Daga kicin aka ji ludayi ya faɗi ƙasa. Ba a ji an ɗauka ba.

Ɗanmalam ya miƙa hannu ya kashe wayar.

"Ina ka samo wannan?"

"Ta bango. Ba waƙar mamarta ba ce? Ummi?"

Ɗanmalam ya tura masa wayarsa.

"Ummi 'yarmu ce. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke sakaya shi. Shekararta biyu. Ta rasu wata guda kafin ka tare nan. Da wannan waƙar ake sa ta barci."

Fadl ya ce, "Ma'alish."

Abin da ya fito ke nan, kalmar da ake faɗa wa wanda aka taka wa ƙafa a bas. Ya nemi wata a Hausa, babu.

"Ci abincinka," in ji Ɗanmalam.

Ya ci. Har ya suɗe kwanon, bai san wace miya ce ba.

Ba a yi faɗa ba. Fadl ya goge waƙar a waya, ya cire ta daga abin da yake kaɗawa. Manajan otal ya ce baƙi na tambayarta, ya ce khalas, ba ya yi. Ya koma tsofaffin abubuwansa, mutane suka koma kan kifinsu. Ranar Juma'a kuma ba a sake ƙwanƙwasa masa ba.

Ƙarshen Disamba suka haɗu da Ɗanmalam a matakala, yana ɗauke da ledar burodi. Suka gaisa kamar kullum. Fadl ya ce ya bar waƙar, ya rantse ba zai sake taɓa ta ba, a gaya mata ta ci gaba da abinta.

"Na gaya mata," in ji Ɗanmalam. "Ta ce da ta buɗe baki, tafi take ji."

Ya gyara riƙon ledar ya haye sama.

Da hantsi Fadl yakan zauna ya jingina da bangon, fiyano a rufe. Ana daka yaji kamar dā, lokacin bai canza ba. Taɓarya kawai ke tashi tana sauka. Murja ba ta sake yi wa 'yarta waƙa ba.