Dunduniyar Takalmin Ɗan Takara

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran takalma, shi ya sa ba ya kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo. Wannan hali ne ya kusa haukata 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwa, ana saura mako biyu zaɓen shugaban ƙasa.

'Yan takara biyu ne. Ɗaya ya ce ba zai taɓa ƙananan asibitoci ba. Ɗayan kuwa, wani dogo, da bakinsa ya ce zai rufe su ya gina babba guda a bayan kowane gari. A ƙaramin asibitin nan take wanke wa Baba gyambon ƙafarsa kowace safiya, taku kaɗan daga rumfarsa.

"Baba, mutumin nan fa rufe mana asibiti zai yi," ta ce, tana naɗa masa bandeji.

"Uwata, ke surutu kike ji, ni takalmi na gani." Ya zaro jarida daga aljihu, ya dangwala yatsa a kan hoton dogon. "Dubi dunduniyar nan, ta cinye ta gefe. Wannan mai tafiya ne, ya san zafin rana. Naki kuwa, takalminsa ko ƙasa bai taɓa takawa ba."

Ta yi bayani har bakinta ya bushe, ta kawo likita ya yi nasa, har kukan takaici ta yi. Ina! Baba ya bi rumfa rumfa da jaridarsa, ya juya tela, ya juya mai aski da duk wanda ya kawo gyara. Abin haushin ma, ranar zaɓe ita ta riƙe masa hannu har bakin akwati.

Dogon ya ci, kuma bai yi ƙarya ba. Bayan wata shida aka garƙama wa asibitin kwaɗo.

Yanzu sai sun sauka daga mota sun taka doguwar hanya mai tsakuwa kafin su kai sabon ginin. Rannan Baba ya kasa, ya zauna a kan wani dutse, bandejin ya jiƙe da jini. Ya cire takalminsa, ya juya shi yadda ya saba juya na mutane. Dunduniyar ta cinye ta gefe.

Duk maganar da ta tanada tun ranar zaɓe tana nan a bakinta. Ta dube shi, sai ta ga tsoho ne kawai, yana haki.

"Miƙo ƙafar, Baba," ta ce.